Injin Aro

Da aka raba gadon mahaifinmu, ƙannena suka ɗauki gonaki, ni kuma na ɗauki akori-kura. Da bakina na zaɓe ta, kada wani ya ce an yi mini wayo. Ni malamin firamare ne a Ikara, kuma kowa a gidanmu ya san in na riƙe fartanya har kaji dariya suke yi mini. Lissafina shi ne in sa direba yana ɗauko rake daga fadamun Makarfi, in rani ya yi ya koma tumatir, albashi ya samu mai tallafa masa. Tsohuwar mota ce. A da fara ce, yanzu launinta sai dai a yi gardama, ƙofar dama kuma da roba ake ɗaure ta. Amma injinta, kai! Murɗa makulli ɗaya take tashi, ko da ta kwana a ruwan sama.

Abu ɗaya ya hana ni sakat, shi ne takardu. Duk shingen da direba ya tsaya sai an tambaye shi sunan wane ne a jiki. Ya ce na mai motar ne, ya rasu. Sai a ce to wa ya ba ka motar mamaci? Daga nan a yi ta ja-in-ja, rake yana shan rana a baya. Na ce zan je in mayar da ita sunana kowa ya huta.

Ƙanena mai bi mini ya ce, "Yaya, ka bar ta yadda ka same ta. Je ka kasuwar Makarfi ka duba, motoci nawa ne ke yawo da sunan waɗanda suka daɗe a kabari? Wa ya kama su?"

Na hura hanci na ce masa ni ba haka nake ba, ni da nake koya wa yara bin doka. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Ashe garin neman ƙiba zan samo rama.

Na tattara duk abin da aka ce in kawo, da shaidar rasuwa, da takardar kotu ta rabon gado, da tsofaffin takardun motar da mahaifinmu ke ajiyewa a cikin leda a ƙarƙashin kujera. Na sa farar rigata ta zuwa taron malamai, na ja motar da kaina zuwa ofishin lasisi. Wani jami'i mai duba mota ya karɓe ni da fara'a, har ya yi mini ta'aziyya. Ya duba lambar da ke jikin motar, ta yi daidai da takarda. Sai ya ce in buɗe masa bonet.

Ya jiƙa tsumma da fetur, ya sunkuya yana goge baƙin mai a gefen injin, ya haska da fitilar wayarsa. Ya karanta lambar, ya dubi takarda. Ya sake gogewa, ya sake karantawa. Fara'ar nan ta ɗauke.

"Malam, an taɓa canza wa motar nan inji?"

Na bugi ƙirji na ce, "Wallahi ko sau ɗaya. Tun ina yaro injin nan ne a ciki."

Kun ji rantsuwar da ta kusa kai ni gidan yari. Ba wanda ya sa ni, ni na ɗauko ta da kaina, kuma har ga Allah abin da na sani ke nan.

Ya shige ciki da lambar a rubuce a tafin hannunsa. Ta taga ina ganinsa yana danna kwamfuta, ya kira wani, su biyu suka zuba wa allon kwamfutar ido. Da suka fito, ɗayan ya zura hannu ya zare makullin motar ya sa a aljihunsa. Ya nuna mini benci ya ce in zauna, kada in motsa. Na zauna, ban ma san laifina ba.

Ban san bakin wa maganar ta fara fita ba. Sai dai na ji wani direba yana ce wa na kusa da shi, "Wai ta sata ce." Kafin ka ce kwabo 'yan acaɓan bakin ƙofa sun baro baburansu, masu jiran lasisi sun baro layi, mai sayar da rake ma ya matso da wuƙarsa a hannu. Suka yi mini zobe. Wani ya ce, "Ka gan shi da farar riga kamar na Allah." Wani ya ce ai irinsu ne manyan. Na taɓa ganin abin da ake yi wa wanda aka kira ɓarawo a tsakiyar kasuwa, ba zan kwatanta ba, amma a ranar duk ya dawo mini. Ina so in ce ni malamin makaranta ne, harshena ya manne a dasashi. Sai wani dattijo ya leƙo ya ce, "La ilaha illallahu, ai malamin 'ya'yana ne!" Maimakon in ji sanyi, sai na ji gara ƙasa ta tsage in shige. Wallahi da motar 'yan sanda ta iso murna na yi.

A caji ofis aka ce in tuɓe riga, in cire takalmi da hula da agogo, in zagaya bayan kanta. Na zauna a kan siminti daga ni sai singileti da wando. Ni da ko rajistar aji ban taɓa sacewa ba.

Ɗan sandan da aka ba binciken mutum ne siriri mai magana a hankali, kuma sanyin maganar tasa ya fi tsawa ba ni tsoro. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Lambar da ke jikin injina ta wata akori-kura ce da aka sace bara ranar kasuwa, mai ita wani manomi ne daga Kurmin Kogi, ya kawo ƙara da takardunsa. Ɓarayi ba sa sayar da irin wannan mota ɗungurungum, farfasa ta suke yi, inji ya yi gabas, giya ta yi yamma.

Ya ce, "To ga injin a motarka. Ko kai ka sata, ko ka saya a hannun wanda ya sata. Duk wanda ka zaɓa, hanyarsa ɗaya ce."

Na ce, "Yallaɓai, gado na ci."

"Yaushe mahaifin naka ya rasu?"

Na faɗa masa.

"Ka ga ya rasu kafin a yi satar. Lokacin da aka yi ta, motar tana hannun wa?"

Na ce, "Hannuna."

"Kuma ka rantse a gaban mutane ba a taɓa canza mata inji ba."

Na shiga uku, in ji ni a raina. Na ga aikina ya tafi, na ga matata tana kai mini tuwo gidan yari a kwanon roba, na ga 'ya'yana a makarantar da nake koyarwa ana nuna su da baki ana cewa 'ya'yan ɓarawon mota. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa.

Bayan azahar mai ƙarar ya iso, don an kira shi a waya. Ƙato ne baƙi, ƙafafunsa duk taɓon fadama, idanunsa jajur. Bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya miƙo hannu ta saman kanta ya damƙi singiletina har ta yage.

"Ina sauran motata? Ina ka kai ta? Tumatirina ya ruɓe a gona saboda kai!"

Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali, na ga hawaye a idonsa. Mutumin nan ba sharri yake yi mini ba, ya gaskata da zuciyarsa ni ne, kuma da ni ne a matsayinsa da abin da zan gaskata ke nan.

Shugaban makarantarmu da mai unguwa suka tsaya mini aka ba da belina kafin magariba. Motar kuwa aka tura ta bayan ofis cikin 'yan uwanta da ciyawa ta tsiro a tayoyinsu. Mai binciken ya ce yana ɗaga mini ƙafa saboda mutanen da suka zo, in je in kawo wanda zai faɗi yadda injin nan ya shiga motata. In ban kawo ba kafin ya gama haɗa takardunsa, sai mu haɗu a kotu.

Ban nufi gidana ba, na wuce wurin mahaifiyata. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa a tire, labari ya riga ni isa, mata sun cika gidan ana ta salati. Ta sallame su, ta dube ni da yagaggiyar singileti a ƙarƙashin riga. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta kuma nuna damuwa a kaina a gaban mutane.

Ta ce, "Kai, me suka ce ka sata?"

Na ce, "Inna, wai injin motar ba nata ba ne."

Ta ajiye tiren. "Au! Wai a kan injin ne duk wannan? Ai ba nata ba ne. Na Baban Kudan ne."

Na ji kamar an kwaɗa mini taɓarya a ƙeya. Baban Kudan shi ne aminin mahaifinmu, mutumin garin Kudan, tun suna samari suke tare a harkar rake, mu kuma tun muna yara haka muke kiransa. Tare suka sayi motocinsu, iri ɗaya, launi ɗaya, har mutane suna ce musu tagwaye.

Inna ta ba ni labari kamar tana faɗin yadda aka ari turmi. Wata shekara ina Zariya ina karatun malanta, rake ya yi kyau. Baban Kudan ya sa an sare masa fadama guda a Nasarawan Doya, an ɗaure, sai injinsa ya buga. Rake kuwa in an sare shi ba ya jira, kullum bushewa yake yi, masu saye su yi ta rage masa daraja. A daidai lokacin motar babanmu tana kan duwatsu a ƙofar gida, ƙarfen ƙafar baya ya karye, an aika nema ba a samu ba, amma injinta lafiya lau. Sai babanmu ya ce ga inji yana zaune ga rake yana mutuwa, wannan ai asara biyu ce. Aka kira bakanikensu daga Makarfi, aka rataya sarƙa a reshen mangwaron ƙofar gida, aka ɗaga injinmu aka kai wa Baban Kudan. Inna ta ce ita ta dafa wa masu ɗagawar dambu. Daga baya Baban Kudan ya gyara nasa da ya buga, ƙarfen babanmu ma ya iso, sai suka ga wahalar banza ce a sake sauke wancan a ɗora wannan, tunda duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Aka sa gyararren a motarmu, kowa ya riƙe na hannunsa.

Na ce, "Haba Inna! Shekara da shekaru ba wanda ya faɗa mini?"

Ta ce, "Ka tambaya? In maƙwabci ya ara maka sa ka yi huɗa, sai ka kira mai shela?"

Sai abin ya warware mini. Da ciwo ya kama Baban Kudan ya sayar da motarsa, da takardunta masu ɗauke da lambar injin da ke cikin tawa. Wanda ya saya shi ne mutumin Kurmin Kogi. Ɓarayi sun tafi da motarsa da injin babanmu a ciki, shi kuma ya kai ƙara da lambar da ya gani a takarda. Gaskiya ce tsantsa, amma wa zai yarda da ita daga bakina? Uwa kuma ba ta yi wa ɗanta shaida a ji.

Washegari da sassafe na hau motar haya zuwa Makarfi neman bakaniken. A garejin aka ce mini ai ya kwana biyu da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Na tsaya a gefen titi, amalanken rake suna wuce ni. Mutum uku suka san maganar nan a waje, biyu suna ƙasa. Saura ɗaya, shi ma rabon da in ji labarinsa tun da aka ce ɓarin jikinsa ya shanye. Daga Makarfi zuwa Kudan ban ga komai a hanya ba. Addu'ata ɗaya ce, Allah ka sa yana da rai, Allah ka sa bai manta ba. Duk gidan da muka wuce na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ba tabarmi a ƙofar gidansa. Babban ɗansa, wanda ya girme ni, ya tare ni a zaure. Muka gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ni kuwa kamar in yi tsalle in tsallake gaisuwar. Da na faɗi abin da ya kawo ni, sai ya haɗa rai.

Ya ce, "Ka san halin da tsohon nan yake ciki kuwa? Sai an ɗaga shi, sai an kwantar. Ka ɗauke shi ka kai caji ofis? In suka ce shi ne ya sayar da mota da lambar da ba tata ba fa? Kai ka fita, shi ya shiga?"

Ban yi wannan tunanin ba sam, kuma gaskiyarsa ce. Amma tsoro ba shi da kunya. Na zube a gabansa, ni da gemuna, na ce, "Yaya, ka rufa mini asiri. In bai yi magana ba ɗaure ni za a yi." Muryata ta tashi ban sani ba, har kuka ya shiga cikinta.

Sai muka ji daga ɗakin da ke jikin zauren an ce, a hankali, kalma tana jan kalma, "Wane ne wannan mai muryar marigayi?"

Muka shiga. Ya rame, bakinsa ya ɗan karkace, hannun damansa yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya saurari labarin har ƙarshe, ɗansa ya sake faɗin abin da yake tsoro. Sai tsohon ya ce, "Injina ne ya sa aka tuɓe ɗan aminina? Ɗauko mini babbar rigata."

Muka ɗauki shatar mota. Duk ramin da muka faɗa sai in juya in dube shi, ina tsoron kada ya cika a hannuna in haɗa masifa biyu.

Mu biyu muka tallabe shi muka shigar da shi, aka ba shi kujera. An kira mutumin Kurmin Kogi, ya shigo yana huci, yana ganin tsohon ya yi turus.

"Baba! Ai kai ka sayar mini da motar."

"Ni ne," in ji Baban Kudan. "Zauna ka ji."

Ya ba da labarin tun daga saran rake har sarƙar da aka rataya a mangwaro. Maganarsa tana fita da ƙyar, yana tsayawa ɗansa ya goge masa baki. Ni kuwa ina tsaye a jikin bango, idona a kan biron mai bincike, in ya rubuta in ji daɗi, in ya tsaya numfashina ya tsaya.

Da ya gama, ɗan sandan ya ce, "Baba, na ji. Ina takardar da kuka rubuta lokacin musayar?"

Tsohon ya dube shi kamar ya yi ashar. "Takardar me? Aminina ne fa."

"To ai ka ga, Baba, kowa zai iya ɗauko tsoho ya zo ya faɗi haka."

Shi ke nan, na ce, ta faru ta ƙare. Gumi ya jiƙa mini baya har wando. Baban Kudan ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya ce a kawo masa ruwa ya yi alwala, a kawo Alƙur'ani, zai dafa. Ɗansa ya ce, "Baba!" Ya ce masa, "Rufe mini baki."

Sai mutumin Kurmin Kogi ya miƙe tsaye. Na ɗauka kaina zai sake yowa, har na matsa bayan ɗan sanda. Sai na ji ya ce, "A'a, kada tsohon nan ya dafa Alƙur'ani a kaina, ba zan iya ɗauka ba." Ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "Yallaɓai, akwai wata magana. Da na sayi motar, mai yi mini gyara ya taɓa ce mini lambar injin ba ta yi daidai da ta takarda ba. Na ce masa, tana tafiya ko ba ta tafiya? Ya ce tana tafiya. Na ce to rufe bonet."

Mai binciken ya ajiye biro ya dafe kai da hannu biyu. "Kuma ka zo ka ba mu lambar takarda ba ka faɗa ba? Ku mutanen nan sai kun kashe ni."

Ya sa aka kira mai duba mota, aka je aka leƙa ƙarƙashin tawa. Ƙusoshin da suka riƙe injin sun yi tsatsa sun haɗe da mazauninsu, kowa ya ga ba bara aka ɗaura su ba. Ɗan sandan ya dawo ya ce, "Malam, ba ka da laifi." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na sulale na zauna a ƙasa, a kan simintin nan dai, na yi ta hamdala.

Sai ɗan sandan ya ƙara da cewa shi nasa ya ƙare, amma mu sani a takarda injin nan na mutumin Kurmin Kogi ne, shi ya saye shi da sunansa. Mu je mu sasanta.

Mutumin ya matso ya kama hannuna, hannun nan da ya yaga mini singileti. Ya ce, "Malam, ka yafe ni. Inji ba gangar jiki me zan yi da shi, in dafa in ci? Ya zauna inda yake. Aro na ba ka, ka riƙa ɗauko mini kaya in na girbe. In Allah ya hore mini wata sai mu yi magana. Tsakanina da kai ne."

Fuskar Baban Kudan ta washe, har ɓarin da ya karkace. Ya ce, "Madalla! Haka muka yi da ubansa. Ashe da sauran mutane a duniya."

Kowa ya juyo yana jira in ce na gode. Ni kuwa kalmar aron nan da ta shiga kunnena sai na ji sanyin siminti a cinyata, na ga zoben mutanen nan da mai rake da wuƙarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Na ce, "A'a. A rubuta."

Mutumin ya saki hannuna.

Na ce, "In sayarwa ce a rubuta, in kyauta ce a rubuta, da shaidu, a kai kotu a buga hatimi. Kayanka zan ɗauko maka, shi ma a rubuta iyakarsa. Aro kam na tuba."

Baban Kudan ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ni da ubanka ba mu rubuta ba."

Na ce, "Shi ya sa aka tuɓe ni a bayan kanta, Baba."

Wallahi ban shirya faɗa ba, fitowa ta yi. Mutumin da ya taso daga shimfiɗar ciwo saboda ni, ya yarda a kama shi a madadina, shi na mayar wa wannan magana a gaban 'yan sanda. Ɗansa ya yi ƙwafa ya kau da kai.

An rubuta. Mutumin Kurmin Kogi ya sakar mini injin, ni kuma zan yi masa jigilar tumatir har rani ya fita. A kotu aka yi takardar rantsuwa a kan musayar da aka yi tun ina Zariya, aka ce tsohon ya sa hannu a matsayin shaida. Hannun damansa ba ya motsi, sai na hagu. Ni na kama babban yatsansa na hagun na dangwala a tawada na danna a takardar. Bai ƙi ba, bai kuma taimaka mini ba, ya sakar mini yatsan kawai.

Da aka sako motar, ni na mayar da shi Kudan a cikinta. Yana zaune a gefen ƙofar da ake ɗaurewa da roba, injinsa na dā yana gurnani a gabansa, yana ta goga yatsan a babbar rigarsa. Na yi ta jan hira, rake, ruwan bana, ciwon ƙafar Inna. Ɗansa ne kawai ke amsa mini.

Takardun sun fito da sunana, da lambar injin da ke ciki. Suna nan a leda a ƙarƙashin kujera, inda mahaifinmu ke ajiye nasa. A shinge yanzu direba miƙawa kawai yake yi a ce ya wuce. Amma har gobe in ina cikin motar aka ce a buɗe bonet, sai hantar cikina ta kaɗa.

Da ƙaramar sallah ta zo na saya wa Baban Kudan shadda da turare, na tafi gaishe shi. Na yi sallama, na cire takalmi, na durƙusa a gaban shimfiɗarsa na miƙa masa hannu biyu. Ya dubi hannuwan nawa bai miƙo nasa ba tukuna.

Ya ce, "Ka zo da takarda, ko haka nan za mu gaisa?"

Ya yi dariya, ɗansa ma ya yi. Ni na kasa.